Yadda ake zaɓar firinta don karatun likita

Na daɗe ina sana'ar buga takardu da gyaran firinta a Birnin Kebbi, kuma cikin ɗaliban da ke shigowa shagona babu masu cin takarda kamar 'yan karatun likita. A aji ɗaya ba ka jin ɗuriyarsu. Da zarar sun shiga aji biyu, an fara Anatomi da Fisiyoloji da Bayokemistiri, sai ka ga yaro ya zo da filashi cike da lacca, kowace shafi sittin ko saba'in, ga tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ga takardun aikin ɗakin gwaji. Bayan wata biyu sai ya dawo da mahaifinsa ko yayansa, a ce: "Malam, kuɗin buge-bugen nan ya ishe mu, wace firinta za mu saya masa?" Na amsa wannan tambaya ga 'yan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, na amsa ta ga 'yan jiharmu da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na kuma amsa ta a cikin gidanmu lokacin da ƙanwata ta fara nata karatun.

Abin da nake fara gaya musu shi ne, kuɗin da za a miƙa wa mai shago ranar saye shi ne ƙaramin kuɗi. Karatun likita shekara 6 ne in babu yajin aiki, kuma tawada da takardar da za a zuba cikin shekarun nan sukan ninka kuɗin na'urar. Saboda haka ba suna ko kyan jiki za ka duba ba. Nawa shafi ɗaya zai riƙa tsaya maka, kuma wutar ɗakinka za ta ɗauke ta? Sauran duk cikon bayani ne.

Abin da za ka tanada kafin ka fita

- Fayil uku na gwaji a waya ko filashi: shafin rubutu zalla, silaid mai zanen Anatomi na kala, da hoton Histoloji ɗaya.
- Farar takarda A4 kamar falle 20, irin wadda za ka riƙa saye.
- Hailaita, wato alƙalamin nan mai ruwan ɗorawa da kake shafa wa rubutu.
- Wayar ko kwamfutar da za ka riƙa bugawa da ita, da cajinta.
- Ƙarfin infata ko janaretan gidanku. A rubuce yake a jikinsa, ka ɗauki hotonsa.
- Biro da 'yar takardar lissafi.

In kana da wanda ya san harkar, ka tafi da shi. In babu, waɗannan sun isa.

Firinta iri uku ce a kasuwarmu. Akwai mai katirij, 'yar ƙaramar nan mai araha irin HP DeskJet, wadda tawadarta ke cikin ƙananan kwanso biyu, baƙi da kala. Akwai mai tanki, irin Epson L3250 ko Canon PIXMA G ko HP Smart Tank, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba. Su biyun nan ruwan tawada suke fesawa ta wasu ƙofofi da suka fi gashi siranta. Ta uku ita ce leza, ita ba ruwanta da ruwa. Gari take aiki da shi, wanda muke kira tona, ta shimfiɗa shi a takarda sannan ta gasa shi da hita mai zafin da ya kusa digiri 200. Ruwa yana bushewa ya toshe ƙofa, amma fesa shi ba ya cin wuta. Gari ba ya bushewa ko ka yi hutun wata uku, amma gasa shi wuta yake sha. In ka riƙe wannan, duk abin da zai biyo baya zai zo maka da sauƙi.

1. Ƙirga shafukan da za ka buga da gaske

Buɗe zauren WhatsApp na ajinku, ka ɗebi duk abin da aka turo cikin mako biyu. Kada ka ƙirga duka. Ka ware wanda ka san sai a takarda za ka iya karanta shi, wanda za ka ja wa layi, ka yi rubutu a gefensa. Jimlar da ka samu ka ninka ta biyu, adadinka na wata ke nan. In kai sabon shiga ne, ka tambayi wanda ke gabanka da aji ɗaya, shi ya san watan da takardu ke yin ambaliya, musamman gab da babbar jarrabawar da ke raba ku da azuzuwan farko.

Manyan littattafan karatu kada su shiga lissafin. Na sha ganin ɗalibi ya zo zai buga littafi mai shafi dubu da ɗoriya. Rim ɗaya falle 500 ne, ko gaba da baya ka buga sai ka fasa rim na biyu, ɗaurin ba zai riƙe ba, zanen ya fito duhu, ga kuma haƙƙin masu littafin. Ka karanta shi a waya, ko ka ara a laburare, ko ka sayi na hannu wurin waɗanda suka wuce ajin.

In lissafinka bai kai shafi 100 a wata ba, ka ajiye kuɗinka ka ci gaba da zuwa shago. Kada ka ce don ina da shago nake faɗa. Firinta mai ruwa da ba a yawan amfani da ita ta fi saurin mutuwa a kan wadda ake wahalar da ita kullum.

2. Duba wutarka kafin ka duba firinta

A nan mafi yawan mutane ke faɗawa rami. Ƙaramar leza irin HP LaserJet P1102 tana jan wat 350 zuwa sama lokacin bugawa, manya irin M402 suna kusan 600, kuma a daidai lokacin da hita ke tashi tana fizgar fiye da haka na ɗan lokaci. Epson L3250 kuwa wajen wat 12 take ci, kamar ƙwan fitila ɗaya.

Wani ɗalibi da ke zaune a Badariya ya kawo mini lezarsa har sau biyu, wai tana mutuwa a tsakiyar aiki. Na jona ta a shago, ta buga shafi talatin ko tari ba ta yi ba. A karo na biyu sai na bi shi gida. Ɗaki ne mai sola, batir ɗaya, ƙaramin infata a ƙarƙashin tebur, fanka na juyawa. Yana danna bugawa sai infatan ya yi ƙara, fanka ta tsaya, ɗakin ya yi tsit, takarda ta maƙale rabi ciki rabi waje. Lafiyar firinta lau. Dole ya sayar da ita da faɗuwa ya sayi mai tanki.

To ga yadda nake raba abin. In kana samun wutar NEPA ta 'yan awowi a mafi yawan kwanaki, ko gidan na da janareta mai ƙarfi, leza za ta yi maka, domin tana da sauri, cikin rabin awa ka buga na mako guda ka kashe. In rayuwarka a kan ƙaramar sola take, ko ƙaramin janaretan nan na cajin waya da fanka, mai tanki ce taka, babu ja. Kada ka jona leza a ƙaramin UPS na kwamfuta, ba don ita aka yi shi ba. Inda wuta ke hawa da sauka ka sa sitabilaiza, amma ka ɗauki wanda ƙarfinsa ya ninka abin da firintar ke ci.

Mai zama a ɗakin kwanan ɗalibai ya ƙara da tambayar ko dokar wurin ta yarda, da kuma ko yana da akwatin da zai kulle ta.

3. Kala ko baƙi?

Kowane ɗalibin likita cewa yake yana buƙatar kala, kuma yana da hujja. A zanen Anatomi jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ja ce, mai mayarwa shuɗiya, jijiyar saƙo rawaya. A baƙi da fari duk sai su zama toka-toka, ka kasa bambance wannan da waccan a hammata ko a wuya. Histoloji da Fatoloji kuma ruwan hoda ne da shunayya.

Sai dai in ka zauna ka duba takardunka ɗaya bayan ɗaya za ka ga akasarinsu rubutu ne da jadawali. Famakoloji kusan duka sunayen magunguna ne. Hoton Histoloji kuwa, ko a firintar kala, in a farar takarda aka buga shi dishi-dishi yake fitowa, ba ya kama da abin da za ka gani a madubin ɗakin gwaji. A fuskar waya ya fi kyau, ga shi kana iya buɗa shi da yatsa. Ƙanwata baƙar leza na saya mata, ta haɗa da fensiran kala uku, ja da shuɗi da rawaya. In ta buga zane sai ta bi kowace jijiya da fensirinta. Ta ce da bin layin nan ta haddace rabin abin. Shafin da dole sai kala, ta kawo shago.

In dai zuciyarka ta kafe a kan kala, mai tanki za ka saya. Leza mai kala tona huɗu take ɗauka, ranar da suka ƙare tare sai ka ji kamar ka sake sayen na'urar. Ba ta ɗalibi ba ce.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne hailaita. Tona ba ya motsi in ka shafa masa. Tawadar ruwa iri biyu ce: akwai mai narkewa, wadda hailaita ko ɗigon gumi ke jan ta, akwai mai kama takarda. Baƙar tawadar Epson mai lamba 103 mai narkewa ce. Baƙar 101 da ke cikin L4260, da baƙar GI-490 ta Canon, sun fi riƙe takarda. Shi ya sa na ce ka tafi da hailaitarka.

4. Lissafa kuɗin shafi ɗaya

Kowane katirij ko kwalba akwai adadin shafin da kamfani ya ce zai buga. Tambayi kuɗinsa yau a kasuwa, ka raba da adadin. Ga waɗanda aka fi gani a wajenmu:

- HP 305 baƙi, na ƙananan DeskJet: kimanin shafi 120.
- Tona 85A, na P1102: shafi 1,600. Tona 12A, na 1020: shafi 2,000.
- Tona 80A, na M401: shafi 2,700, babbansa 80X kuma 6,900.
- Tona 26A, na M402: shafi 3,100.
- Kwalbar Epson 103 baƙa: shafi 4,500. Kwalbar GI-490 baƙa: shafi 6,000.

Mu ɗauka a zango ɗaya za ka buga shafi 1,200. Mai katirij za ta cinye kwanso goma. Leza ba za ta ƙarar da tona ɗaya ba. Mai tanki ko sulusin kwalba ba ta sha ba. Ka ga dalilin da nake hana mutane 'yar arahar nan, ko kyauta aka ba su. Araha ba ta ado. Kuma ɗura mata tawada da sirinji, da wasu ke yi, yakan yi sau biyu ko uku ne kan kwanson ya ƙone.

Kada ka ɗauki waɗannan adadi kamar aya. Na tona ana auna su ne da shafin da baƙi ya rufe kashi 5 cikin 100 kacal, kamar 'yar gajeruwar wasiƙa. Silaid mai hotuna da manyan haruffa ya wuce haka nesa. Ni rabin adadin nake ɗauka in yi lissafi da shi, ban cika jin kunya ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko: ana samun tonan ko tawadar a nan garin? Firintar da sai an yi saƙo Kano ko Legas kafin a samo mata tona za ta yashe ka ana gobe jarrabawa. Tsofaffin lambobi irin 12A da 85A da 05A da 80A kusan kowane mai gyara a Birnin Kebbi ko Gusau ko Sakkwato ya san su, yana da garinsu, yana da duram ɗinsu, wato sandar da ke cikin katirij ɗin tona mai ɗora gari a takarda. Sababbin samfura da yawa suna da ɗan guntun ƙwaƙwalwa a jikin tona wanda kan sa na'ura ta ƙi karɓar wanda ba na kamfani ba. Ka tambayi mai gyara, ba mai sayarwa ba: "Wannan ana cika ta?"

5. Karanta haruffan da ke bayan lamba

A firintocin HP da wasu, harafin d na nufin tana buga gaba da baya da kanta, n na nufin tana da ramin wayar sadarwa, w na nufin tana da Wi-Fi. Wato M402dn tana juya takarda amma ba ta da Wi-Fi, P1102w tana da Wi-Fi amma ba ta juyawa.

A wurina d ya fi komai. Takarda ita ce kuɗin da ba ya tsayawa, kuma gaba da baya na raba shi biyu, ya rage nauyin jaka. Ana iya juyawa da hannu, a buga shafukan mara sannan a mayar a buga na cika, amma da ƙarfe biyun dare, ido ya yi nauyi, sai ka tarar shafi na 14 ya hau bayan na 31. A masu tanki, L3250 ba ta juyawa, L4260 tana yi.

Harafin w kuma ya zama dole in ba ka da kwamfuta, waya kawai gare ka. L3210 da L3250 kamar tagwaye suke a ido, amma ta farkon sai da igiyar USB. In ka ga HP da lambarta ta ƙare da e, irin M110we, ka yi hattara, an tsara su ne su zauna a jone da intanet kuma su yi aiki da tonan kamfani kaɗai. Sikana kuwa, in ta zo a haɗe to madalla, in babu kyamarar waya ta wadatar.

6. Sabuwa ko ta hannu, da yadda ake gwaji a shago

Ƙa'idata gajera ce. Mai tanki sabuwa kawai, a kwalinta, kwalaben tawada a rufe, da rasit. Mai ruwa ta hannu ba ka san wata nawa ta yi a ajiye tawada na daskarewa a kanta ba, wato kan da ke fesa tawadar. Leza kuwa ta hannu, irin 'yan Beljiyam da aka kwaso daga ofisoshin Turai, sau da yawa ta fi sabuwar ƙarama ƙarfi, in ka iya dubawa. Kada dai ka yi cinikin biri a sama, a turo maka hoto ka tura kuɗi a sako a mota.

Ga abin da za ka yi, bi da bi.

Fara da juya ta ka karanta takardar da ke manne a baya. Dole ka ga 220–240V. In ka ga 110–127V, ta Amurka ce. Wannan darasi da kuɗina na saye shi. Ina sabon shiga sana'a na sayo wata mai kyau kamar ba a taɓa ta ba, na kawo shago na jona. Sai ƙara fat, sai hayaƙi mai warin ƙonannen roba. Na kai wa wani dattijon mai gyara, ya juya bayanta ya nuna mini da yatsa, ya ce: "Ɗana, wagga ta Amurka ta, wutar ɗari da goma taka sha. Ba ka karanta ba?" Ban karanta ba. Wasu masu sayarwa kan ce an juya ta zuwa wutarmu. In haka ne ka tambaya ko an canza har da hita, ba allon wuta kaɗai ba, kuma a bar ta ta yi aiki a gabanka.

Na biyu, ka sa a buga shafin bayanan na'ura. Kusan kowace leza tana da shi, yana nuna jimlar shafin da ta buga tun da aka ƙera ta. Tsakanin biyu masu kuɗi ɗaya, ɗauki mai ƙaramin adadi.

Na uku, zuba takardarka ka buga falle 20 a jere, gaba da baya in tana yi. Ka kasa kunne. Ƙara ƙas-ƙas alamar haƙoran gaya sun ci. In tana jan falle biyu tare, ko tana lalube ba ta ɗauka, robar jan takarda ta suɗe. Wannan gyara ne mai sauƙi, amma a rage maka kuɗinsa.

Na huɗu, ɗauki shafin ka murza rubutun da babban yatsa. In baƙi ya biyo yatsanka, hita ba ta gasawa, ka bar ta. In ka ga ɗigo yana maimaita kansa daga sama zuwa ƙasa a tazara ɗaya, ko baƙin layi a tsaye, yawanci duram ne, canza katirij zai gyara. In takarda na fitowa a yamutse ko gefe ɗaya ya yi datti, rigar hita, wato siririyar ledar da ke lulluɓe da ita, ta yage.

Na biyar, buga daga wayarka ko kwamfutarka, ba ta mai shago ba. Wasu tsofaffin samfura ba sa shiri da sababbin kwamfutoci, musamman na Apple. Gara ka gane haka kana tsaye a shago.

Daga nan ka shafa hailaita a kan rubutun, ka duba zanen Anatomi ko ƙananan sunayen da ke jikinsa suna karantuwa. Ka nemi a rubuta maka a rasit kwana nawa za ka iya dawo da ita. In sabuwar leza ce, ka sani tonan da ke zuwa a ciki ba cikakke ba ne, ka tanadi kuɗin wani.

7. Ranar farko a gida, da yadda za ka buga lacca

Mai tanki tana da sharaɗi ɗaya ranar farko. Bayan ka ɗura kowace kala a tankinta, za ta ɗauki kamar minti 10 tana jan tawada zuwa kai. Kada wuta ta yanke a wannan lokaci. Ka yi shi a kan infata ko janareta, ba a kan wutar da ba ka san ranta ba. Ka duba kala da kyau kafin ka kafa kwalba, wanda ya zuba shuɗi a gidan rawaya ya sayi aiki.

Yanzu bugawa. Lacca mai silaid 60, in ka buga ɗaya a shafi, fuska ɗaya, falle 60 ke nan. In ka sa huɗu a shafi, gaba da baya, falle 8 ne. A PowerPoint da manhajojin buɗe PDF duk akwai wurin zaɓar adadin da zai hau shafi ɗaya. Huɗu nake ba da shawara. Shida na sa rubutu ya ƙanƙance har ka riƙa matse ido, biyu kuma sai ga zane mai sunaye da yawa, irin ƙasan ƙoƙon kai.

Malamai da yawa na son silaid mai shuɗin bango ko baƙi da farin rubutu. Wannan shi ne makashin tona. In fayil ɗin PowerPoint ne, zaɓi bugun baƙi da fari zalla, bangon zai koma fari, rubutu ya koma baƙi. In PDF ne, ka roƙi wakilin aji ya karɓo ainihin fayil ɗin. Kunna tsarin tsimin tawada, wanda HP ke kira EconoMode, don karatun yau da kullum. Ka tabbata girman takarda na kan A4, domin fayilolin da suka fito daga Amurka a kan wani girma suke, ya fi A4 faɗi kaɗan kuma bai kai shi tsawo ba, sai ka ga an yanke gefe ko na'ura ta tsaya tana ƙyafta ido. Kuma kullum ka fara buga shafi biyu ka gani kafin ka saki ɗari.

Takarda mai nauyin giram 80 ta fi dacewa da gaba da baya. Mai 70 ta fi araha, amma rubutun baya na leƙowa, balle an shafa hailaita. Ka bar fili a gefen hagu saboda ɗauri, kuma ka ɗaure kowane darasi daban.

In kun shiga asibiti aka fara gabatar da bayanan marasa lafiya, kada sunan majiyyaci ko lambar katinsa su hau abin da za ka buga, balle a kwamfutar shago. Na sha share irin waɗannan fayiloli da ɗalibai suka manta a tebur ɗina.

8. Kula da ita a yanayinmu

Ƙurar hunturu da zafin bazara, lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40, su ne abokan gabar mai tanki. Ka rufe ta da zane in ba ta aiki, ka nisanta ta da taga. Ko ba ka da abin bugawa, ka buga shafi ɗaya mai dukkan kaloli kowane mako. In za ka tafi dogon hutu, ka bar ta wurin wanda zai riƙa yi maka haka. Kashe ta da maɓallinta, kada ka zare waya daga bango, domin sai an kashe ta daidai kan ke komawa mazauninsa ya rufu. Kada tawada ta sauka ƙasa da layin da ke jikin tanki. In layi-layi ya fara fitowa, ka sa ta wanke kai sau ɗaya ko biyu, ka bar ta ta huta. Yawan wankewa na shanye tawada ya cika soson da ke ƙasa, har na'ura ta kulle kanta sai an kai wa mai gyara.

Leza ba ta da wannan shagwaɓa. In rubutu ya fara dusashewa, ciro katirij ka girgiza shi a hankali hagu da dama, zai ƙara maka shafuka. Kada ka bar duram a rana. Cika tona ka bar wa mai gyara, garin ba na shaƙa ba ne, in ya zuba a riga da ruwan sanyi ake wankewa, ruwan zafi kama shi yake. Da damina, musamman a watan Agusta, takarda kan sha danshi ta riƙa lanƙwashewa tana maƙalewa. Bar ta a cikin ledar rim ɗinta, ka ɗebi iya wadda za ka buga. In ta maƙale, kashe na'ura, ka ja ta a hankali da hannu biyu ta hanyar da take tafiya. Wuƙa ko almakashi kada su shiga ciki, da su ake yaga rigar hita.

In kuɗin bai kai ba

Ku haɗu ku uku ko huɗu 'yan aji ɗaya ku sayi leza mai d guda ɗaya da katan ɗin takarda, rim biyar ke ciki kuma ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Na ga wannan ya yi kyau, na kuma ga ya raba abokai. Waɗanda suka zauna lafiya su ne suka ajiye ɗan littafi kusa da na'urar, kowa ya buga ya rubuta adadi, ya jefa kuɗin shafinsa a gwangwani, tona ya ƙare a buɗe gwangwani. Tun ranar saye ku yanke ɗakin wa za ta zauna, wa zai biya in ta lalace, da kuma wanda zai fanshe ta in an gama.

In haɗakar ma ba ta samu ba, ka shirya fayil ɗinka tun a ɗaki, huɗu a shafi, farin bango, ka mayar da shi PDF, ka tara na mako guda. Ka je shago da safe kafin cunkoso, ka nemi farashin mai yawa, ka ce gaba da baya. In ku goma ne ke son lacca ɗaya, a buga ɗaya a yi fotokwafin tara, ya fi araha a kan a buga goma. Filashin da ka kai shago kuma ka bincike shi kafin ka mayar da shi kwamfutarka, ko ka tura fayil ɗin ta WhatsApp ka bar filashin a gida.